Yadda Tela Mai Aiki Shi Kaɗai Zai Bunƙasa Sana'arsa Ba Tare da Ya Kashe Kansa da Aiki Ba

Duk wanda ya taɓa ratsa layin teloli a goman ƙarshe na azumi ya san yadda abin yake. Ƙarfe biyun dare janareta na ruri, yadudduka sun tokare bakin ƙofa, idon tela ya yi jawur, ga mai kaya ya kafe a kan benci ya rantse ba zai motsa ba sai da ɗinkinsa. Bayan Sallah sai a tarar da shagon a garƙame, mai shi yana kwance ana ƙara masa ruwa. Kuɗin da ya tara sun tafi a fetur da magani da biyan shaddar da ya yanka ba daidai ba cikin magagin barci. Ya yi aikin mutum uku, bai tsira da komai ba sai sunan maƙaryaci.

Mai sana'ar da shi ne ma'aikaci, shi ne akawu, shi ne ɗan aike, babban jarinsa lokacinsa ne da lafiyarsa. Keke in ya lalace ana gyarawa ko a sayi wani, amma ranar da mai shago ya kwanta, shagon ma ya kwanta. Don haka bunƙasar irin wannan sana'a tana zuwa ne daga tsara aiki da sa masa kuɗin da ya dace, ba daga yawan karɓar aiki ba. Tela aka ɗauka misali a nan, namiji ko mace, amma mai gyaran waya da mai lalle da kafinta da mai soya cincin a gida duk za su iya gwada matakan a kan sana'arsu.

Mataki na 1: San iyakar abin da hannunka zai iya

Yawancin teloli ba da niyya suke saɓa alkawari ba. Suna karɓar aiki ne da ka, ba su taɓa ƙirga abin da suke gamawa a rana ba. Ɗauki sati biyu kana duba agogo: rubuta lokacin da ka shimfiɗa yadi don yanka, da lokacin da ka ninke shi bayan guga. Kada ka manta da ɓarakar da ke cin lokaci, kamar ɗaukar awo, da ciniki, da zuwa kasuwa neman zaren da ya yi daidai da launin yadi.

A ce ka gano kaftani da wando marar aiki yana cin awa 4. In kana aikin awa 8, ɗinki 2 ke nan a rana, 12 a kwana shida. Cire 2 saboda ɗauke wuta da lalacewar keke da zuwa jana'iza ko ɗaurin aure. Saura 10. Wannan shi ne ƙarfinka na sati, shi za ka sayar, ban da ƙari.

Yi wa Sallah lissafinta daban. Sati biyun ƙarshe na Sha'aban za su ba ka 20. A azumi jiki yana sanyi, ga tafsiri da tarawih, sai ka sauko zuwa 8 a sati. Daga 1 zuwa 25 ga Ramadan sati uku da rabi ne, wato 28. Jimilla 48. Da zarar ka rubuta na 48, ka rufe karɓa. Kwanakin da suka rage na gyare-gyare ne da miƙa kaya.

Mataki na 2: Buɗe littafi, ka daina dogara da ƙwaƙwalwa

Sayi babban littafi mai kauri, kowane aiki da layinsa: sunan mai kaya, lambar waya, irin ɗinki, awo, kuɗin aiki, abin da ya bayar, ciko, da ranar karɓa. Yanko ɗan ƙyalle daga gefen yadin ka manna a jikin layin, sannan ka rubuta lambar layin da alli a bayan yadin. Wannan kaɗai ya isa ya kashe rigimar "ba wannan ce shaddata ba", wadda take tasowa idan farare biyar sun haɗu a shago ɗaya.

Ranar karɓa kuwa daga littafi ake ciro ta, ba daga fuskar mai kaya ba. In satin nan ya cika 10, sai sati mai zuwa. Ƙara kwana biyu a kan ranar da kake sa ran gamawa. Wanda aka ce wa Asabar aka kira shi Alhamis, zai yi ta yabonka a majalisa. Wanda aka ce wa Alhamis ya zo ya tarar ba a ko yanka ba, ya riga ya fara neman wani tela.

Ware littafi na biyu don awon mutanen da suka saba zuwa, ka ɗauki hoton shafukansa da waya lokaci-lokaci. Mai awo a wajenka yana iya aiko yadi daga Abuja ko Legas ba sai ya zo ba.

Mataki na 3: Sa kuɗin aiki da lissafi

Nan ne yawancin masu sana'a suke cin jarinsu ba su sani ba. Suna duba abin da maƙwabci yake karɓa su karɓi irinsa, ko su rage don jan mutane. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tayar da janareta ya ninka, kayan aiki ma sun bi shi, amma akwai telolin da har yau suke jin nauyin ƙara kuɗi.

Ga yadda ake lissafin, da alƙaluman misali kawai, kai sai ka sa naka. A ce hayar shago Naira 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. Fetur da kuɗin wuta 40,000. Gyaran keke da allurai da man keke 10,000. Katin waya da data 5,000. An tashi 75,000. In kana gama ɗinki 40 a wata, kowanne yana ɗauke da Naira 1,875 na waɗannan. Zare da maɓalli da shafi da guga, a ce 1,500. Sai albashinka: in gidanka yana bukatar 160,000 a wata, kowane ɗinki zai kawo 4,000. Haɗa duka, 7,375. Wannan ba riba a ciki, mayar da kuɗi ne kawai. Ɗora ribar shago, ka kai kamar 8,500. Telan da yake karɓar 6,000 a wannan hali, albashinsa ne yake zaftarewa, shi ya sa yake kwana a kan keke don cike giɓi.

Idan za ka ƙara kuɗi, sanar tun da wuri, ka kuma rubuta farashi ka liƙa a bango. Wasu za su gudu. Yawanci waɗanda suka fi jan ciniki da jinkirin biya ne suke fara tafiya, gurbinsu kuma ya zama hutu ko aiki mai tsoka.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, karɓi kafin alƙalami, rabi ko fiye. Ciko kuma ranar karɓa, kafin kaya su fita. Aikin gaggawa yana da kuɗinsa daban, domin wani za ka ture a layi ko barcinka za ka sayar.

Mataki na 4: Raba aljihunka da na shago

Buɗe asusu na musamman don sana'a, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint, duk kuɗin aiki su shiga can. Tsabar kuɗin da aka ba ka a hannu ma a rubuta su kafin su shiga aljihu. Ranar Alhamis ko ƙarshen wata ka biya kanka albashin da ka yanka, cefane da kuɗin makaranta su fito daga nan. Kafin alƙalamin mutane amana ce, ba naka ba ne sai ka gama aikin. Wanda ya cinye shi tun yadi yana cikin leda, zai yi ɗinkin ne kamar aikin kyauta, da ɓacin rai.

'Yan uwa da abokai su ne wuri mai wuya. Yanke wa kanka adadi, misali ɗinki biyu na alheri a wata, su ma su shiga littafi su bi layi. In an wuce haka, faɗi gaskiya cikin ladabi: "Yaya, kuɗin hannuna na yafe miki, amma ki kawo na zare da shafi, kuma sai bayan Sallah zan taɓa shi."

Mataki na 5: Zaɓi abin da ka fi iyawa, ka tsaya a kai

Taura biyu ba ta taunuwa. Mai ɗinka kaftani da safe, leshi da rana, labule da yamma, ga facin wandon makaranta a tsakani, kullum cikin sauya zare da allura yake, kuma ba a san shi da komai ba. Bayan wata uku da buɗe littafi, zauna ka duba: wane ɗinki ne ya fi kawo kuɗi in aka raba da awannin da ya ci? Wanne ne ba a dawo da shi gyara? Sau da yawa za ka tarar aikin da ya fi tsada ba shi ne ya fi riba ba, saboda ya cinye kwana biyu.

Tsaya a kan iri biyu ko uku. Yi musu ma'aunin kwali na wuya da aljihu da hannu, yadda yanka zai riƙa sauri kuma ya fito iri ɗaya. Sauran aikin tura shi ga abokin sana'ar da ya ƙware a kai, shi ma zai riƙa turo maka naka.

Mataki na 6: Tara aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya

Maimakon ka ɗauki riga ɗaya daga yanka har guga sannan ka koma kan wata, raba sati gida-gida. Asabar da safe, ido garau, yanke duk ɗinkunan satin, domin kuskuren yanka shi ne ba ya gyaruwa. Ƙulle kowanne daban da lambarsa. Lahadi zuwa Laraba ɗinki, kana haɗa masu launi ɗaya a jere don kada ka yi ta sauya zare. Alhamis maɓalli da guga da ninki.

Kasuwa ma sau ɗaya a sati ta isa. Telan Kano da yake shiga Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai kullum don zare ƙwaya biyu, ya san cunkoson hanya kaɗai yana cin rabin yini. Rubuta abin da ya kusa ƙarewa a allo, ka sayi launukan da aka fi nema da dozin. Aikin da yake bukatar wuta, kamar guga da injin lantarki, tara shi zuwa sa'ar da aka saba kawo wuta a unguwarku, ko ka tayar da janareta sau ɗaya ka gama shi duka.

Mataki na 7: Sa wa waya da baki ƙa'ida

Kira ɗaya na "an gama?" yana tsinka aiki fiye da minti biyun da aka yi ana magana. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, tana rage wannan wahala. Tana da wurin jera hotunan ɗinki da farashinsu, da saƙon da yake amsawa da kansa in ba ka kusa, da tanadin amsoshin da ake yawan maimaitawa, da alamomin da za ka liƙa wa kowa: ya biya, ana ɗinki, an gama. Sa mata layin shago daban da na gida. Duba saƙo sau uku a rana, da safe, bayan Azahar, da kafin tashi. Da ka gama aiki, ɗauki hotonsa ka tura tare da adadin ciko, kafin mai shi ya tambaya.

Sai koyon cewa a'a, wanda ya fi komai wuya a al'adarmu ta kunya. Ga Alhaji ya shigo ranar 20 ga azumi da shadda kala uku, ya ce ko nawa ne zai biya. Buɗe littafin a gabansa: "Ranka ya daɗe, ga layin nan, ya cika tun makon jiya. In na karɓa zan ba ka kunya ranar Idi, kuma ba zan so haka ba. Akwai wanda na yarda da hannunsa, bari in kira shi. In kuma za ka bar ɗaya zuwa bayan Sallah, kai ne na farko." Zai iya fita ransa a ɓace, amma baɗi tun Sha'aban zai aiko.

Shago kuma ba majalisa ba ne. Benci ɗaya ya isa, hira ta jira bayan La'asar.

Mataki na 8: Saki abin da ba sai kai ba

Aiki kai kaɗai ba ya nufin kowace allura sai ta bi ta hannunka. Abin da ya sa ake nemanka shi ne awo da yanka da haɗin wuya. Riƙe waɗannan. Surfani da aikin kwamfuta akwai masu injinsa, shadda akwai 'yan bugu, guga akwai mai wanki da guga, kai kaya akwai ɗan aike mai babur. Lissafin mai sauƙi ne: in awa ɗaya a kan keke tana kawo maka Naira 1,000, aikin da wani zai yi maka a kan 400 cikin wannan awar bai kamata ya tsare ka ba. Sa kuɗinsu cikin farashi, ka duba aikin da idonka kafin ya isa ga mai shi, domin sunanka ne a kai.

Yaron shago taimako ne, amma a watannin farko lokacinka zai ci. Kada ka ɗauke shi ana saura sati biyu Sallah. Ɗauke shi lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ka fara shi da kalmasa da maɓalli, ku yi magana da iyayensa a kan lokacin zuwa da tashi da abin da za a riƙa ba shi, kuma kada sana'a ta hana shi makaranta.

Mataki na 9: Yi tanadin watannin sanyi, ka ƙara kayan aiki a hankali

Shekarar tela ba a miƙe take ba: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah bayan kimanin kwana 70, Mauludi, sai lokutan biki. Tsakaninsu shago yakan yi tsit. Tsoron wannan shirun ne yake sa mutum ya haɗiye aikin da ya fi ƙarfinsa a lokacin cika. Maganinsa biyu ne. Na farko, cire wani kaso daga kowane ɗinki, ko da ɗaya bisa goma ne, ka ajiye har ya kai kuɗin gudanar da shago da gida na wata biyu ko uku. Na biyu, nemo aikin da yake zuwa a lokacin shiru: kayan makaranta kafin komawa a Satumba, ankon biki, ko ɗinkakkun kayan yara da za ka tara ka sayar gab da Sallah.

Wajen sayen kayan aiki, fara da abin da ya fi tsayar da kai. In wuta ce, ƙaramar sola da za ta riƙe fitila da fanka da keke mai ƙaramar mota ta fi sabon allon talla amfani. In sauri ne, keken masana'anta irin Juki ya fi na ƙafa nesa ba kusa ba. Adashe da mutanen da ka sani hanya ce da aka daɗe ana bi. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin da za su sayi kaya su sayar maka da ribar da aka sani, ka biya kaɗan-kaɗan. Guji manhajojin bashin waya masu ruwa mai yawa da gajeren wa'adi, domin su ne suke mayar da mutum aikin dare dole.

Idan kana son kwangilar makaranta ko kamfani, yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda ake yi ta intanet. Da ita za ka buɗe asusu da sunan shago. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Mataki na 10: Rubuta hutu a littafi kamar yadda kake rubuta aiki

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a sati sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100. Telan da yake zama daga takwas na safe zuwa goman dare, kwana bakwai, ya kusa ninka awa 55 ɗin.

Sa lokacin rufe shago ka riƙe shi. Ware rana ɗaya cur, Juma'a ta fi sauƙi ga da yawa. Nemi barcin awa 7. Lokutan salla su zama na miƙe baya da taka ƙafa, ba a idar a zabura kan keke ba. Sa fitila mai haske a saitin allura, ka riƙa ɗaga ido kana duban nesa, ka gyara tsayin kujera yadda ba za ka yi ta duƙawa ba. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kisa. Ƙwayoyin hana barci da na ƙara ƙarfi, irin su tramadol, ba su ƙara wa kowa awa a rana ba, jaraba suke jawowa.

Akwai alamun da ke nuna gajiya ta wuce ta yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana uku a 2019: ƙarewar kuzari, jin ƙyamar aikin ko nisanta da shi, da raguwar ingancinsa. A shago ga yadda suke fitowa: ka tashi daga barci a gajiye, gabanka ya faɗi in waya ta yi ƙara, ka riƙa yi wa masu kaya tsawa, ka yanka hannu biyu na ɓangare ɗaya. In ka ga haka, dakatar da karɓar sabon aiki na sati biyu, kira waɗanda suke layi ka sake musu rana, ka je a auna maka hawan jini. In rashin barci ko ƙuncin rai ya ƙi tafiya, ka ga likita.

Bitar wata uku-uku

Duk bayan wata uku, rufe shago rabin yini ka zauna da littafinka da tambayoyi uku. Nawa awa ɗaya ta aikina take kawowa yanzu, in an gwada da wancan karon? Ɗinki nawa na miƙa a ranar da na yi alkawari? Kwana nawa na wuce lokacin tashi? In kuɗin awa yana hawa, alkawari yana cika, dare yana raguwa, sana'a tana girma ko da yawan ɗinkin bai ƙaru ba. In layi yana cika sati uku gaba har a watannin sanyi, ƙara farashi tukuna. Sai in ya ci gaba da cika bayan ƙarin, kuma ajiyarka za ta iya biyan albashin wani na wata uku ko da kasuwa ta tsaya, sannan ka sayi keke na biyu ka ɗauki ma'aikaci.